Arulin Girkawa a shagona

Ran nan ɗana ya same ni a shago yana ƙorafin darasin karin waƙoƙin Turawa. Da na duba, ashe aruli ne! Homa na Girka da Barjil na Rum gaɓoɓi suke aunawa, doguwa da gajera, ƙafa shida a kowane ɗango. Kusan haka Halilu ɗan Ahmadu ya auna baitocin Larabawa, malamanmu suka bi. Mawaƙan Ingila kuwa sun ari sunayen ƙafafun, amma inda murya ta danna suke ƙirgawa.

Abin da ya dame ni, yaron nan haihuwar Sabo ba ya rarrabe "gari" na tuwo da "gari" na zama. Laifina ne. Yanzu bayan magariba ina rera masa baiti, yana ƙirgawa da yatsu.