Filin Seyni Kunce: gini na nan, saura masu riƙo

Wanda ya bi ta filin wasa na Janar Seyni Kunce a birnin Yamai bayan sallar asuba, zai tarar mutane sun riga shi. Ma'aikatan gwamnati masu neman rage tumbi suna zagaya katanga, samari suna sassarfa, rana kuma tana fara haska dogayen turakun fitilu. Baƙon da ya taho daga Maraɗi ko Damagaram yakan tsaya ya ɗaga kai, domin gini ne na a zo a gani. Ƙasar Sin ce ta gina shi, aka buɗe shi a 1989, yana ɗaukar mutum wajen 35,000.

Filin ya ga ranakun alfahari. A watan Disamba na 2005 ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci karo na 5. A 2015 aka buga gasar tamola ta Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 17 a cikinsa, a 2019 kuma ta ƴan ƙasa da shekara 20, wadda Yamai ta raba da Maraɗi.

Ya kuma ga ranakun kunya. Sa'ad da hukumar tamola ta Afirka, CAF, ta ƙi amincewa da shi, sai ƙungiyar Mena ta koma yin wasanninta na gida a gidan wasu: ta tarbi Tanzaniya a Kotonu a watan Yuni na 2022, ta tarbi Aljeriya a Tunis a watan Maris na 2023. Kuɗin shiga suka bi iska. Mai otel, da mai taksi, da mai kilishi a bakin ƙofa, kowa ya ji a aljihunsa.

Abin da CAF ke dubawa ba boyayye ba ne: ciyawa, fitilu, kujeru, ɗakunan sauya tufafi, ƙofofin fita idan hatsari ya auku. Waɗannan duka aikin kulawa ne na yau da gobe, kuma ilimi ne da ake koya. A jami'o'in Faransa, sashen da ake kira STAPS yana da reshen tafiyar da harkokin wasanni, shekara 3 bayan bakaloriya. Ɗalibi yana koyon kasafin kuɗi, da dokokin wasanni, da ƙulla yarjejeniya da kamfanonin talla, da sayar da tikiti, da tsaron ƴan kallo. A Yamai, makarantar INJS ta daɗe tana horar da malaman motsa jiki da jami'an matasa, tushe ne da za a iya ɗora wa gini.

Bukatar ba ta tsaya ga tamola ba. Kokowar takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, tana yawo daga jiha zuwa jiha, kuma duk filin da ta bari yana jiran mai hana shi zama makiyayar awaki.

Ɗan kasuwa ya san rumfa ba ta riƙe kanta. To, ranar da ɗansa ya ce zai karanci tafiyar da wasanni, kada ya ce yaro ya zaɓi wasa. Ya kai shi filin Seyni Kunce, su ƙirga kujeru tare, su yi lissafin ranar da suka kwana wayam.