Ajin da ke cikin ruwa a Chesapeake

Garin Havre de Grace na jihar Maryland a Amurka yana zaune ne daidai inda kogin Susquehanna ke juye ruwansa cikin Chesapeake, mashigin teku mafi girma a ƙasar, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. Gaban garin akwai shimfiɗaɗɗen ruwa marar zurfi, ƙasansa lulluɓe da ciyawa. Kada mai karatu ya ɗauka irin kainuwa ce mai yawo a sama. Wannan saiwarta na cikin laka, ganyenta kuma a nutse yake.

Makarantun yankin kan fito da ɗalibai cikin kwalekwale domin wannan ciyawa. Kayan aikinsu ba su da tsada. Akwai wani faifai mai launin fari da baƙi da ake zurawa da igiya, a auna zurfin da ido ya daina ganinsa. Awon nan shi ne rabin darasin, domin ciyawar da hasken rana take rayuwa. Idan takin gona da kashin kaji suka gangaro cikin koguna, gansakuka kan yi yawa, ruwa ya gurɓace, haske ya kasa kaiwa ƙasa, ciyawa ta mutu. Sai kuma a ja koma a gefen ciyawar, yara su ƙirga ƙananan kifaye da 'ya'yan kaguwa da ke fakewa a ciki. Wanda ya riƙe kaguwa a tafinsa ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Ambaliyar guguwar Agnes ta 1972 ta binne ciyawar wurin da laka, aka yi shekaru kafin ta farfaɗo. A 1984 abin da aka auna a duk mashigin bai wuce eka dubu 38 da 'yan kai ba. A 2018 ya haura dubu 100, sannan ya faɗi ƙasa da dubu 70 a shekarar da ta biyo, bayan ruwan sama mai yawa.

A ganina, babban malamin wannan fanni shi ne marigayi Bernie Fowler, tsohon ɗan majalisar dattawan jihar. Tun daga 1988, duk watan Yuni yakan sa fararen takalma ya kutsa kogin Patuxent da ƙafa, jama'a na biye, har sai takalman sun ɓace masa, sannan a auna inda ruwan ya kai a jikin wandonsa. Ya rasu a 2021, amma har yanzu ana shiga kogin.