Ajiyar da Ta Haihu a Hannuna

Daren da Yaya za ta tafi Ingila aikin jinya, a watan Oktoban 2022, an ɗaure akwatuna, an auna su har sau biyu, an rarraba kayan da ba za su bi ta ba. Firiji ya tafi wajen Umma, keken ɗinki wajen ƙanwar mijinta. Sai da kowa ya watse ta kira ni ɗaki, ta miƙo min wani ɗan kasko da bai fi kwanon sha ba.

"Auta, ga ajiya. Don Allah kada ka bari ta mutu."

Na san shukar. Mijinta, Allah ya jiƙansa, shi ya sayo ta wajen masu sayar da fulawa a bakin titi a Abuja, watanni kaɗan kafin ciwon da ya zama ajalinsa. Ba ta da tsawo ko kaɗan. Ganyenta shimfiɗe yake a kan ƙasa kamar tauraro, gefensa a lanƙwashe da 'yan ƙananan ƙayoyi, launinsa baƙi-baƙi da ratsin fari a gicciye. Shi ya sa mata suna Saƙi, wai kamar tsohuwar rigar saƙin kakansa. Ni dai a lokacin ban taɓa rayar da ko albasa ba. Amma wa zai ce a'a a irin wannan dare?

Na kawo ta ɗakina a Kaduna, na ajiye a gefen kwamfuta. Aikina rubuta manhaja ne, kuma wanda ya daɗe a wannan sana'a yana da wata cuta: duk abin da ya gani sai ya ɗauka akwai ƙa'idar da in an bi ta, dole ya yi aiki. To, na shiga bincike. Sunanta a wajen masana Cryptanthus, kalmomin Girkanci biyu da ke nufin ɓoyayyen fure. Asalinta gabashin Brazil, inda take rayuwa a ƙasa, a inuwar manyan itatuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne danginta. Ashe 'yar'uwar abarba ce. Dangin suna da nau'i sama da 3,000, kuma dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne in ban da guda ɗaya tak da ke tsirowa a kan duwatsu a ƙasar Gini. Da yawa daga cikinsu a kan rassan itatuwa suke maƙalewa, su tara ruwa a tsakiyar ganye kamar ƙoƙo. Saƙi ba ta cikin waɗannan. Ita ta ƙasa ce, da saiwarta take sha, saiwar kuma gajera ce, ba ta nutsewa can ciki.

Duk na karanta wannan, amma bai hana ni ɓarna ba.

Ɓarnar farko hunturu ne ya ja min. Ƙura ta rufe komai a ɗakin, sai na ɗauki tsumma mai laima na hau goge ganyen ɗaya bayan ɗaya, ina jin kaina mai riƙon amana. Ina gama na farko na ga ratsin farin ya bi tsumma. Ashe ba fenti ba ne a jikin ganyen, wasu 'yan ɓawo-ɓawo ne ƙanana ƙwarai da ke kwance a kansa, in ka murza sai su tashi. Wannan ganye haka ya zauna sumul, baƙi wuluk, bai ƙara yin ratsi ba. Tun daga ranar sai dai in yayyafa ruwa ƙurar ta gangara da kanta.

Ta biyu ta fi ban kunya. Na sayi wata 'yar na'urar auna damshin ƙasa, na soka a kaskon, na haɗa da allon Arduino, na rubuta manhajar da za ta turo min saƙo a waya duk lokacin da ƙasa ta bushe. Kwana biyu na yi ina wannan aiki, har na yi wa abokan aiki burga. Na'urar mai araha ce, cikin 'yan makonni tsatsa ta cinye ƙafafunta, ta koma ba ta faɗin komai sai "a bushe". Ni kuma na fi yarda da ita a kan idona. Tana turo saƙo, ina zuba ruwa. Sai da ganyen ƙasa suka fara laushi, kaskon ya fara wani wari kamar na kwata, sannan na zazzage shi. Laka ce zalla a ciki, ta riƙe ruwa ta yi caɓi, rabin saiwar ya ruɓe.

Wani dattijo mai lambun fulawa a bakin hanya shi ya cece ni. Bai san sunanta na boko ba, bai kuma damu ba. Ya juya ta a hannu, ya ce, "Yaro, wannan ai ba shinkafa ba ce." Ya haɗa min ƙasa mai sauƙi: baƙar ƙasar lambu kaɗan, yashi mai tsakuwa, ɓuntun shinkafa, da gutsattsarin gawayi. Ya zaɓo kasko mai faɗi marar zurfi, mai huji a gindi. Ya ce in riƙa soka yatsa, in gaɓar farko ta fito da laima in ƙyale ta, in ta fito a bushe in ba ta ruwa har ya zubo ta ƙasa. Na tumɓuke na'urar na jefa a aljihun tebur, tana nan har yau.

Daga nan muka fara fahimtar juna. Na gane launinta a hannun haske yake. Da na ajiye ta a lungu, sababbin ganye suka fito kore-kore, sirara, baƙin ya kau. Da na fitar da ita baranda a watan Maris, rana ɗaya ta isa ta ƙona mata ganye biyu, suka yi tabo kamar an ɗora dutsen guga. Tagar gabas ce ta karɓe ta, inda take samun ranar hantsi ta bayan labule, nan ne baƙin ya dawo. Ruwan burtsatsenmu kuma yana barin farin gishiri a bakin kasko, don haka da damina nake tara ruwan sama a jarka saboda ita. Da hunturu bakin ganyenta yakan bushe, sai in ɗora kaskon a kan faranti mai tsakuwa da ruwa, ba tare da gindinsa ya taɓa ruwan ba, in kuma kawar da ita daga saitin na'urar sanyaya ɗaki. Sau ɗaya wasu fararen ƙwari masu kama da auduga suka maƙale a matsematsin ganye, na bi su da auduga da sifirit har suka ƙare.

Umma in ta zo sai ta yi ta kallona. "Ba a ci, ba a sha, ba ta inuwa, ba ta magani. Da zogale ka samu wannan hidima da yanzu muna kwaɗo." Amma ta san ta wane ne, don haka ba ta taɓa wuce nan ba.

Duk ranar Juma'a nakan tura wa Yaya hoto. Ba ta cika cewa komai ba, wani lokaci "Ma sha Allah" kawai, wani lokaci sai tsakar dare in ta tashi daga aiki. Ba mu taɓa zancen mijinta a waya ba. Hoton nan shi ne zancen.

Wajen ƙarshen daminar 2023 na ga wani abu fari a can tsakiyarta. Furanni ne ƙanana, kowanne da kunne uku, a lafe cikin ganye, in ba ka sunkuya ba ba za ka gan su ba. Na ɗauki hoto ya fi ashirin. Yaya ta kira ni a take, muryarta na rawa, ta ce shi bai taɓa ganin furenta ba.

Abin da ban gaya mata ba a ranar, na riga na karanta shi tun farko na kawar da kai. Irin wannan shuka sau ɗaya take fure. Daga tsakiya take fitar da sabon ganye, in fure ya fito a nan, girma ya ƙare. Abin da ya rage mata na ƙarfi sai ta zuba shi a 'ya'ya, ita kuma ta yi ta ja da baya a hankali. Ba ruwa ko taki ko canjin taga da zai hana.

Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan watanni 'ya'ya uku suka leƙo daga tsakanin ganye, kowanne da ratsinsa tun yana ƙarami. Uwar ta fara dusashewa, ganyen waje suna bushewa ɗaya bayan ɗaya. A wurin aiki in manhaja ta lalace akwai layin da ya jawo, in ka yi haƙuri za ka same shi. Na yi makonni ina neman wannan layi a jikin Saƙi, ina canza mata wuri, ina rage ruwa ina ƙarawa, alhali na san babu abin da ya lalace.

Sai na yi abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Na fara tura wa Yaya tsofaffin hotuna. Ina da su da yawa, nakan zaɓi wanda ban taɓa turawa ba, in yanke gefensa. Juma'a bakwai ina haka. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a hoto na bakwai akwai labulen da na canza tun kafin azumi, kuma ita ta aiko min da kuɗin sabon.

"Auta, ta mutu ne?"

Na ce ba ta mutu ba, amma tana hanya. Na juya kyamara na nuna mata komai, busassun ganyen da 'ya'yan uku. Na hau bayani irin namu, cewa 'ya'yan ba daga iri suka fito ba, daga jikinta suka tsiro, don haka a wajen masana su da ita abu ɗaya ne, ba abin da ya bambanta su. Gaskiya ne, amma ina faɗa ina jin yadda maganar ba ta kai inda nake so ba. Wadda ya ɗauko da hannunsa ya biya kuɗinta ita ce wannan da ke bushewa.

Umma tana zaune a gefe tana jin mu. Ta karɓi wayar ta ce, "Ke, ba ki ga ayabar bayan gidanmu ba? Tun kina goye aka dasa ta. Wadda ta yi nono a sare ta, na gindinta su tashi. Kin taɓa jin na ce ayabata ta mutu?"

Yaya ta yi shiru mai tsawo. Sannan ta ce min abin da ya ɓata mata rai ba shukar ba ce, hotunan ne, domin an ɓoye mata tsananin ciwon mijinta har kusan ƙarshe, wai don kada hankalinta ya tashi, kuma ba ta son a ƙara yi mata haka ko a kan fulawa. Ban san wannan ba. Na ba ta haƙuri, ba ta ce ta haƙura ba, ta dai tambaye ni yaushe ake cire 'ya'yan.

Sai sun kai kamar kashi ɗaya cikin uku na girman uwar. Da lokacin ya yi na kama kowanne na ɗan murɗa, ya ɓalle ba gardama, kusan ba saiwa a jikinsa. Na bar su suka sha iska kwana ɗaya, na zaunar da su a kan ƙasa mai laima, na tokare su da tsakuwa don kada su tuntsure. Bayan wata guda na ɗan ja ɗaya, na ji ya riƙe ƙasa.

Yaya ce ta yi rabon. Ɗaya nata, yana jiran ta a tagar gabas. Ɗaya na kai wa mahaifiyar marigayin a Zariya, ta karɓa da hannu biyu, ta tambaye ni sau nawa ake ba ta ruwa, na nuna mata da yatsa. Na ukun nawa ne, wai ladan ajiya.

Uwar kuwa Yaya ta ce kada in taɓa ta sai ta bushe ƙurmus. Ganye biyu suka rage mata, ɗaya a cikinsu shi ne wanda na goge da tsumma. Ranar Juma'ar da ta wuce ita na fara ɗauka hoto, sannan 'yar.