Jitar Da Na Ƙera Da Ƙyauren Kakana

Duk wanda ya bi ta bayan ɗakin aikin katako da yamma a zangon karatun da ya wuce, ya ga wani yaro zaune bisa benci ya duƙufa yana kankare wani abu da fasasshiyar kwalba, to ni ne. Waɗansu sun ce jarrabawa ce ta taɓa mini kai, waɗansu kuwa sun ce horo Malam ya ba ni. Ba ko ɗaya. Tun da yake har yanzu ana tare ni a layin abinci ana tambaya, na ga gara in rubuta labarin sau ɗaya, kowa ya karanta, ni kuma in huta.

Asalin abin daga kawuna ne, wanda yake tuƙa mota zuwa Nijar. A motarsa na fara jin kiɗan jita irin na Buzaye, shi ne kuma ya ba ni labarin Mdou Moctar, makaɗin nan na can, wanda ya haɗa jitarsa ta fari da hannunsa, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. Da jin haka sai na ce ai keke akwai shi a gidanmu. Ina aji uku na samo galan da guntun katako da wayar birki na haɗa wata aba, amma ba ta yi mako biyu ba wuyanta ya lanƙwashe kamar baka. Da muka shiga aji huɗu aka ce kowa ya zaɓi abin da zai ƙera don ranar baje kolin sana'o'in hannu, 'yan ajinmu suka zaɓi tebur da kujera da akwati, ni kuwa na ce jita. Malam ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, ka san abin da ka ɗauko kuwa?" Na ce na sani. Alhali kuwa ban sani ba.

Matsala ta fari ita ce katako. Masu ƙera jita a Turai da Amurka suna yin fuskarta da itacen ƙasashen sanyi, mara nauyi mai tsauri, wanda ba ya tsira a nan. Malam ya tono mini falankin wani tsohon akwatin kaya da aka kawo injin makaranta a ciki, fari ne, jijiyoyinsa a miƙe, ya ce wannan zai yi fuska. Na wuya kuwa afara muka samu. Na so in raina ta don da ita ake yin bencin aji, sai Malam ya gaya mini cewa a 1958 kamfanin Gibson na Amurka ya fito da wata jita mai suna Flying V da wannan itace, sai dai su korina suke kiransa. Ban ƙara raina benci ba.

Saura baya da gefe. Na so madobiya, amma mai sayar da katako ya yi dariya, ya ce an kwashe ta zuwa ƙasar Sin, wadda ta rage kuma ta fi ƙarfin aljihun ɗan makaranta. Ana cikin haka aka yi hutu, na tarar an cire tsohon ƙyauren zauren gidanmu an sa na ƙarfe. Ƙyauren nan na maɗaci ne, marigayi kakana ya sa aka yi shi, yana jingine a bayan rumbu. Na je na durƙusa na roƙi Baba falanki ɗaya. Ya ce me zan yi da shi? Na ce aikin makaranta. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya duka ba, domin na san ra'ayinsa: a wurin Baba kiɗa sana'ar maroƙa ce, mu kuwa ba mu gada ba. Ya ce, "Ɗauki, amma kada ka wulaƙanta shi." Wannan magana ta bi ni har makaranta.

Ba zan gajiyar da mai karatu da labarin yankan katako da fiƙe shi ba. Abu biyu dai zan ambata. Na ɗaya, lanƙwasa gefe: ana fere katakon ya yi siriri, a jiƙa shi, a riƙa danna shi a hankali jikin bututun ƙarfe mai zafi. Mu garwashi muka zuba a cikin bututun. Maɗaci ba ya son a yi masa gaggawa, na karya biyu kafin na uku ya yarda, ga falankin kuwa ɗaya ne tak. Na biyu, lissafi. Ni da nake gudun darasin lissafi, sai ga shi ya biyo ni ɗakin katako. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki milimita 650 ne. Kafin ka san inda za ka kafa ƙarfen mataki na fari a wuya, sai ka raba 650 da 17.817, ka sami kusan milimita 36 da rabi. Ka cire wannan, ka sake raba abin da ya rage, haka har ƙarshe. In ka yi daidai, mataki na 12 zai faɗo a tsakiya cif, wato milimita 325. In ka kuskure, jitar za ta yi ta yi maka ƙarya har ranar da za ta mutu. Da tsinkayen ƙafar keke na yi matakan.

Wajen ado ma an yi gardama. Abokina ya ce in yi mata fenti ja da baƙi kamar ta mawaƙan talabijin. Ni kuwa na tuna yadda masu zanen ƙwarya suke yi da wuƙa mai zafi, sai na zana dagi huɗu kewaye da bakinta. Kwana uku na yi a kan zanen nan, na kuwa yi alfahari da shi.

Ranar da muka ɗaura mata tsirkiya shida na roba, ba a shafa mata kome ba tukuna, fara fat kamar ba ta yi wanka ba. Na taɓa ta ƙasa, sai murya ta fito mai zurfi, ta daɗe tana yawo cikin ɗakin kafin ta ɓace. Har masu goge tebur suka tsaya. Malam bai ce kome ba, ya ɗaga kai kawai, mu kuwa da muka san shi mun san wannan babban yabo ne.

To, daga nan ne na yi wautar da ta sa aka gan ni da kwalba.

Katako yana bukatar abin da zai kare shi daga gumi da datti da laimar damina. Na fara cewa a shafa man gyaɗa, Malam ya ce man gyaɗa da man kaɗe ba sa bushewa, sai dai su yi ɗanƙo su yi wari. Ya ce in jira shi zuwa Litinin, zai zo da abin da ya dace. Amma ina ganin teburan 'yan'uwana suna ta walƙiya da banish na gwangwani, irin wanda kake ganin fuskarka a ciki, sai zuciya ta ce mini jitata ba za ta fita kunya ba in ba ta fi su sheƙi ba. Na ari gwangwani da buroshi, daga Jumma'a zuwa Lahadi na lafta mata shafi biyar, kowane da kauri. Hunturu ya shigo, ƙura ta manne a jiki, na ƙara wani shafin don in rufe ƙurar. Ta yi sheƙi kam, ba ƙarya. Da ta bushe na mai da tsirkiya na taɓa, sai na ji kamar mutum yana magana da bargo a baki. Muryar nan mai daɗewa ta tafi.

Malam ya zo ya ƙwanƙwasa fuskar da ɗan yatsa, ya ajiye. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da na fi jin daɗi. Ya tambaye ni, a jikin gurmi ko garaya, mene ne yake magana? Na ce tsirkiya. Ya ce a'a, tsirkiya girgiza kawai take yi, jaki ya kai girgizar ga fata, fata ce take tura iska har kunne ya ji. A jita fuskar katako ita ce fatar, shi ya sa muka fere ta har kaurinta bai kai milimita 3 ba. Ya ba ni labarin Antonio de Torres, maƙerin jita na ƙasar Sifen, wanda daga gare shi jitar zamani ta sami siffarta. A 1862 ya ƙera wata wadda bayanta da gefenta na kwali ne, fuskar kaɗai ta itace mai kyau, don ya nuna inda murya take, jitar nan kuwa tana ajiye a gidan tarihin kiɗa na Barsalona. Sa'an nan ya ce, "Kai kuma ka samo fata mai kyau ka dafe ta da roba."

Saura kwana tara baje koli. Malam ya ce zaɓi nawa ne. In na bar ta haka, alƙalai da ido za su duba, mai yiwuwa in ci kyauta. In na kankare, ba lalle in gama ba, kuma hannu ɗaya in ya zarce fuskar ta huje. Daren nan ban yi barci sosai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne Baba zai zo, zai ga ƙyauren mahaifinsa ya zama kayan kiɗa. In har zan sha wannan faɗa, to gara in sha shi a kan abin da yake da murya.

Yamma huɗu na yi ina kankarewa da gefen kwalba, a hankali, ina bin jijiyar itace. Na yanke a yatsa sau biyu. Dagi ɗaya daga cikin huɗun ya tafi tare da banish ɗin, rabin wani ma ya dushe. Da na gama da samfefa mai laushi, sai Malam ya fito da abin da ya ce in jira: waɗansu ɓawo-ɓawo masu ruwan zuma, ana kiransu shalak. Wani ɗan ƙwaro ne yake fitar da shi a jikin itatuwa a Indiya da Tailan. Ana narka shi cikin sifirit, a ƙunshe auduga a tsumma mai tsabta, a ɗiga kaɗan, a riƙa zagayawa bisa katako ba tsayawa. Kowane shafi siriri ne ƙwarai, yana bushewa nan da nan. Masu yin abin sosai sukan yi makonni, ni kwana huɗu gare ni, saboda haka abin da na samu ɗan haske ne kawai, kamar goshin da aka shafa wa mai. Amma maɗacin ya fito da jansa mai duhu, murya kuma ta dawo. Ban ce duka ba, gaskiya, sai dai mafi yawanta.

Ranar baje koli wani tebur mai walƙiya ya ci na ɗaya, ya kuwa cancanta, don ƙafafunsa huɗu duk suna taka ƙasa, abin da ba kowane teburin ajinmu yake yi ba. Jitata ba ta ci kome ba. Ina tsaye bayanta sai ga Baba da kawu. Gabana ya faɗi. Baba ya tsaya ya dube ta, ya dube ni, ya ce, "Wannan ne aikin makarantar?" Na ce, "Shi ne, Baba." Ya ɗauke ta ya juya bayanta, ya sa babban yatsa a kan wani ɗan baƙin tabo kusa da ƙugu. Ramin ƙusar sakata ne, na cike shi da garin katako da gam, da banish ɗin nan mai kauri yana nan da ƙurarsa da ba lalle ya lura da shi ba. Ya daɗe yana shafa wurin. Can ya ce, "Nan sakata take." Ya miƙo mini, ya ce in taɓa ya ji. Hannuna yana rawa na kaɗa tsirkiyoyin shida ɗaya bayan ɗaya, don ban iya waƙa ko ɗaya ba tukuna. Ya saurara har ta ƙarshe ta yi shiru.

Bai ce ta yi kyau ba, bai kuma ce ta yi muni ba. Ya ce ba za ta kwana a gidansa ba, a kai ta wurin kawu, in na zo hutu in je can in gan ta. Da za su shiga mota kuma ya juyo ya ce sauran falankin ƙyauren suna nan bayan rumbu, kada in bari gara ta riga ni.

Yanzu tana ɗakin kawu a cikin buhu, da jiƙaƙƙen soso a gwangwanin da aka huda a gefenta, domin bushewar hunturu ta riga ta tsaga fuskar kaɗan a ƙasan jaki. Wanda duk ya san inda akwai tsohon akwatin kaya na farin katako mai miƙaƙƙun jijiyoyi, don Allah ya neme ni a aji huɗu, ko a bayan ɗakin aikin katako bayan la'asar.