Gonar Kaka a Bayan Makewayi

A Tamale watan Maris ba ya wasa. Hunturu ya tattara ƙurarsa ya tafi, damina ba ta iso ba, rana tana dukan kwanon rufi har ɗaki ya koma tanda. A daidai lokacin da kowa ke neman inuwa ne Kaka ke ɗaura zane ta tsaya a bakin ƙofa: "Maigida, tashi. Mijin da ba ya noma ai sai dai a sake shi." Ni ke nan, jikanta, ina da shekara tara.

Haya muke yi a Changli, ɗaki biyu a tsakiyar Dagwamba. Bayan makewayi akwai wani ɗan fili da bai wuce shimfiɗar tabarma huɗu ba, inda ruwan wanka ke bi ta rariya ya kwanta. Mai gidan ya bar mata shi don ba wanda ke so. Ita kuwa gona take ce masa, kuma ba da wasa take faɗa ba.

Da shara ake farawa. Busasshen ganyen dalbejiya ya cika tsakar gida, maƙwabta su tara su cinna wuta, ita ta hana. Rami take sa ni in haƙa, a zuba ganye, a bi shi da kashin awaki da na zabi, a yayyafa ruwan wanke-wanke, a rufe da ƙasa. Sai ya yi makonni, ya yi baƙi ya daina wari, sannan a barbaza. Ranar da na zuba ɗanyen kashin kaji a gindin barkono, kwana biyu ganyen ya ƙone, na kuwa sha faɗa. Tokar murhu ma ba ta zuwa juji. Tana da tsohuwar tukunyarta.

Irin shuka yana cikin kwalabe, an cakuɗa shi da toka don ƙwari: kuɓewa, yakuwa da Dagwamba ke ce wa bra, alayyahu da kasuwar Aboabo ta sani da alefu, sai lalo, wato ayoyo, wanda in babu shi tuwon zafi bai cika ba. Irin lalo taurin kai gare shi. Takan ƙulle shi a tsumma, ta tsoma a ruwan zafi ta cire nan take, ta shanya a inuwa, in ba haka ba sai ya yi ta barci a ƙasa. Kuma ba ta shuka da ruwan farko na Afrilu. Ta ce maƙaryaci ne, yakan zo ya yaudari mutum sannan ya ɓace sati uku.

Maganin ƙwari kuwa a bakin titi yake zuba kyauta. 'Ya'yan dalbejiya muke tsinta, itacen da aka kawo daga Indiya zamanin Turawa ya zama ɗan gari. A shanya, a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, da yamma ta tsoma tsintsiya tana yarfa wa ganye sama da ƙasa. Ba ya kashe tsutsa nan take, ci yake hana ta, don haka duk sati sai an maimaita. Wata rana ƙyuya ta sa na daka a turmin miya. Daren nan ba wanda ya kai loma ta biyu.

A 1983 na san amfanin wurin. Shekarar fari ce da gobarar daji a Gana, ga 'yan ƙasa wajen miliyan ɗaya da aka koro daga Najeriya, gari ya cika da bakuna. Hatsi dai ba ya fitowa a tabarma huɗu, amma miya ba ta taɓa yanke mana ba, har matan gidan kan miƙo kwano ta kan shinge.

Bara na koma. An gina ɗaki a wurin, an shafe tsakar gida da siminti. A unguwa na ga saurayi goye da famfon feshi yana bin ciyawar bakin kwata da maganin da ake kira kondem, ba takalmi, ba abin rufe hanci. Tun 2015 hukumar binciken kansa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa gilaifoset, sinadarin da ke cikin maganin, a jerin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar. Amma ban iya ganin laifin saurayin ba. Na tuna yadda bayana ke ciwo wajen cirar ciyawa. Kuma ko ya so bin hanyar Kaka, da me zai bi? Gas ba ya barin toka, jujin da ake ɗibar baƙar ƙasa ya zama leda zalla.

Ni yanzu bokitin fenti shida gare ni a bayan taga, na huda gindinsu. Duk Asabar nakan je wurin mai ƙosan bakin layi da gwangwani in roƙi toka. Ran farko ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, lafiya dai ko?"