Adireshin da na karya da hannuna

A wannan mako ina so in ba ku labarin wani kuskure nawa, ƙarami a ido, wanda ya ci wa ɗan ƙanwata shekara guda cur ta karatu. Na daɗe ina jin nauyin faɗarsa, to amma na lura cewa da yawa daga cikinmu, ma'aikata da ƴan kasuwa da muka koyi rubuta wasiƙa tun zamanin keken rubutu, muna nan muna maimaita irinsa ba tare da mun sani ba.

A 2019 ne. Yaron ya ci jarrabawar bak a Tawa, ni kuwa ina Yamai, sai na ga sanarwa manne a bangon wani biro cewa wata ƙasar waje za ta ba da tallafin karatu, kuma ba a karɓar takardu hannu da hannu, sai ta intanet, cikin mako guda. A ƙasan sanarwar akwai adireshin shafin da za a cike, dogo kamar igiyar guga. Na kwafe shi a takarda harafi bayan harafi, na koma na buɗe imel, na jera gaisuwa kamar yadda ya kamata, sannan na shiga buga shi. Da na kai tsakiya na ga ya doshi gefen shafi, sai hannuna ya yi abin da ya saba tun lokacin da ƙararrawar keken rubutu ke kaɗawa a ƙarshen layi: na danna maɓallin komawa sabon layi. Na ƙarasa sauran a ƙasa, na sa ɗigo kamar yadda mushe ya koya mana a lakwal, na aika, ina ganin na fita hakkin zumunci.

Har mako ya shige ban ji komai ba. Da na kira shi a waya, sai ya ce da ni cikin ƙaramar murya: "Kawu, na yi ta danna shuɗin rubutun, yana ce mini babu shafin." Na ce, to me ya hana ka gaya mini? Ya ce: "Kawu, na ji nauyin in ce wasiƙarku ce ke da gyara." Na koma na duba abin da na aika. Rabin farko ne kaɗai ya yi shuɗi, rabin na biyu yana kwance a ƙasa, baƙi, kamar wutsiyar ƙadangare da ta rabu da jiki. A ranar kuwa an riga an rufe karɓar sunaye.

Rashin sani ya fi dare duhu. Bayan wannan ne na zauna na nemi sanin yadda abin yake. Ashe wasiƙar imel ta girmi adireshin da muke ɗora mata. Tun 1971 wani Ba'amurke, Ray Tomlinson, ya aika saƙo daga wata na'ura zuwa wata da alamar @, alhali shafukan da muke buɗewa yau, aikin Tim Berners-Lee a cibiyar CERN da ke kusa da Janeba, ba su fito ga jama'a ba sai 1991. Asalin imel tsuran rubutu ne, babu launi, babu abin dannawa. Idan ka aika adireshi a cikin irin wannan wasiƙa, manhajar mai karɓa ce ke yin hasashe: in ta ga https:// ko www. sai ta ce ga adireshi, ta bi shi har inda ta ci karo da fili ko ƙarshen layi, nan ta tsaya. Wata manhajar tana da wayon barin ɗigon ƙarshen jimla a waje, wata kuwa sai ta haɗiye shi, adireshin ya lalace. Matsalar tsohuwa ce, domin tun a 1994 takardar da ta shimfiɗa ƙa'idar waɗannan adireshi ta ba da shawarar a riƙa killace su tsakanin alamun < da > don a san farkonsu da ƙarshensu.

Daga nan na ɗaura wa kaina ƴan sharuɗɗa. Ba na sake kwafar adireshi da hannu muddin zan iya ɗauko shi daga saman shafin in liƙa. Ina ba shi layinsa shi kaɗai, da https:// ɗinsa a gaba, babu ɗigo ko waƙafi a bayansa, kuma komai tsawonsa ba na karya shi. In abin mai muhimmanci ne, nakan fara aika wa kaina wasiƙar in danna in gani, domin mai dafa miya shi ke fara ɗanɗanawa.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta samu bayan ƙa'idar MIME ta 1992 ta buɗe ƙofar aika wasiƙa mai ado irin ta HTML. A Gmail ko Outlook, kana iya zaɓar kalma biyu, misali "cike nan", ka danna Ctrl da K, ka ɓoye dogon adireshin a ƙarƙashinsu. Wasiƙa takan yi tsaf, babu abin da zai karye. Sai dai a nan ne nake jan kunnen ƴan kasuwa musamman. Mayafin da ke rufe dogon adireshi shi ne kuma ke rufe na ɓarawo. Ana iya rubuta sunan bankinka a sarari, a ɓoye wata hanya dabam a ƙasa, ka danna ka zuba lambobinka na sirri, kana yi wa rogo kallon kitse. Maganin abin shi ne ka ɗora kibiyar linzami a kan rubutun ba tare da dannawa ba, ko a wayar hannu ka danne shi da yatsa na ɗan lokaci, ainihin adireshin zai bayyana. Ka dubi sunan da ke tsakanin // da / na farko da ya biyo baya, ka karanta shi daga ƙarshe, domin can ne mai gidan yake: .ne na Nijar ne, .ng na Najeriya. Saboda haka ni dai, idan zancen kuɗi ne ko takardu, na fi son in bar adireshin a fili, mai karɓa ya ga inda zan kai shi kafin ya ɗaga ƙafa.

A al'adarmu, idan baƙo ya tambayi gidan wani, mai mutunci ba ya tsayawa ga kwatance, yakan tashi ya raka shi har ƙofa. Ni na raka ɗana rabin hanya na bar shi a tsakar daji, shi kuma kunya ta hana shi kira. Shekarar da ta biyo ya sami gurbi a wata jami'a, kuma har yau bai taɓa tayar mini da zancen ba, abin da ya fi faɗa zafi a gare ni. Na dai roƙe shi abu ɗaya, shi ne kuma nake roƙon ƴaƴanmu duka: in babba ya aiko muku da abin da bai buɗe ba, ku faɗa masa tun da wuri, wannan ba rashin ladabi ba ne.

Allah ya kiyaye mu da kuskuren da wani ne zai biya kuɗinsa, amin.