Giyar Talaka, Maltinar Malam, Da Abin Da Ke Cikin Leda

'Yan uwana mazauna kudu, na Sabo da Ojoo da Sasa a nan Badun, da na Agege da Idi-Araba a Ikko, har da na can Inugu da Fatakwal. Yau maganar giya zan yi, kuma na san tun daga kan take wani zai ce a'uzu billahi, Malam me ya kai ka? To a yi haƙuri a karanta tukuna. Ni dai ban taɓa kai ta bakina ba, Allah Ya ci gaba da kiyaye mu, amma duk wanda ya shekara ashirin da ɗoriya a ƙasar Yarbawa yana haya a gidajensu, yana zuwa bikinsu da jana'izarsu, ko yana so ko ba ya so sai ya san sunayen kwalaben nan kamar yadda ya san sunayen 'ya'yan maƙwabta.

Abin da ya daɗe yana ba ni dariya shi ne, ashe su ma mashayan akwai wariya a tsakaninsu. Mai gidan da na fara haya, wani dattijo tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, in ba Gulder ba ko baƙar Guinness ba ya taɓawa. Idan aka kawo masa ɗaya daga cikin masu arahar nan a wurin biki sai ya ture ta da bayan hannu, ya ce ruwan wanke tukunya ce, wai ba ta da abin da take sa mutum sai fitsari da ciwon kai da safe. Yaransa kuwa Trophy suke sha, ta Ilesa, su ce ai ta gida ce, wasu kuma Goldberg. Inyamuran da ke sayar da kayan gyaran mota su kuma tun da aka fito da Hero a Anacha a 2012 suka rungume ta kamar tutar ƙabila. Za ka ga manyan mutane da furfura suna musu har da jijiyar wuya a kan wacce ta fi ɗaci, wacce ta fi kumfa, wacce ce ta 'yan ga-ruwa. Amma da tattalin arziki ya karye a 2016, sannan aka janye tallafin mai a 2023, sai na ga yawancin masu tutiyar nan sun yi shiru sun koma wa wadda suke zagi. Har shi dattijon, kafin ya rasu na gan shi da idona yana shan mai arahar, ya juya tambarin kwalbar yana kallon bango.

Idan an tambaye ni, hancina bai san bambanci ba. Mai tsada da mai araha duk warin tsamin nan ɗaya ne, irin na gasarar da ta kwana uku, musamman da safe idan ka bi ta gaban mashaya ana share ƙasa.

Sai dai akwai wani abu da mu Hausawa ba mu cika son a tayar ba, ni kuma da yake harkar hatsi nake yi a kasuwar Bodija ba zan iya kau da kai ba. Tun 1949 aka fara yin Star a Ikko, kuma shekara da shekaru da tsiron sha'ir na ƙasar waje ake dafa giyar kwalba. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da shi, sai kamfanoni suka koma kan dawa da masara. Dawar wa? Tamu mana, ta Kano da Katsina da Kaduna da Bauci. Ke nan abin da Maguzawa suka daɗe suna yi da burkutu a tukunyar ƙasa shi Bature ya zo ya yi da injin. Tirela nawa ce ta tashi daga Dawanau dillali bai tambayi inda za ta ba? Manomi ya sayar, ya biya kuɗin kujerar Makka, can kuma Hisba a Kano ta tara kwalabe ta bi ta kansu da motar daɓe, kamar yadda aka yi a 2013 da kwalba dubu 240. Ba ina cewa kuɗin manomi haram ba ne, wannan aikin malamai ne, kuma dawa abinci ce kafin ta zama komai. Ina dai cewa mu rage ɗaga hanci.

Wannan ya kawo ni kan abin da mu ake ba mu. Kowa ya sani, da zarar an ga hula da doguwar riga a wurin biki sai ka ji an ce a kawo wa Mola maltina. Kowace iri ce sunanta maltina a bakinmu, kamar yadda kowane garin sabulu yake omo. Ita Maltina ta ainihi tun 1976 take, Malta Guinness da Amstel Malta daga baya suka zo, kuma dukkansu kamfanonin giya ne ke yin su. Na sha zama a majalisa a Sabo ana kai ruwa rana a kan haka. Wani ya ce duk abin da aka rubuta Guinness a jikinsa shi ba zai sha ba ko da ruwan zamzam ne a ciki, wani ya ce ai hukunci a kan maye yake, ita kuwa ba ta bugarwa ko ka sha kiret guda, sai dai cikinka ya ƙulle. Ni ina tare da na biyun, amma a wurin biki nakan ce a ba ni ta gwangwani ko ta roba, don kada wani yaronmu ya hango ni daga nesa da baƙar kwalba a hannu ya je ya ba da labarin da ba haka ba. A ɗanɗano kuwa na fi son Amstel don zaƙinta bai kai na sauran ba. Kuma duk cikinsu babu wadda ta kama ƙafar fura da nono mai sanyi da aka dama a ƙwarya, ko kunun aya da ya ji dabino da kwakwa. Matsalar nan kudu ita ce nonon kirki wuya yake yi, rabi ruwa rabi kuka, wani ma garin madara ne aka tsamar.

To jama'a, duk wannan hira ce. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, muna can muna musu a kan kwalbar malti, abin da ya fi kowace giya araha kuma ya fi ta mugunta ya riga ya shigo mana gida. Ku je kowace tashar mota da asuba ku ga matan nan masu faranti cike da 'yan ledoji da ƙananan robobi, da manyan kwalabe da aka jiƙa saiwoyi da ɓawon itace a ciki, abin da Yarbawa ke kira paraga. Yawancin giyar kwalba ƙarfinta bai wuce kashi 5 ko 6 cikin 100 ba, ta ledar nan kuwa wata takan kai kashi 40, ga shi da canjin da ya rage a aljihu ake sayenta. Yaronmu da ya zo ci-rani daga Jigawa ko Zamfara, wanda ko a mafarki ba zai shiga mashaya ya zauna gaban kwalba ba don kunya, shi ne zai tsaya da babur ɗinsa ya ce a ba shi maganin basir, ko na sanyi, ko na ƙarfin jiki. Ya tsotse ya jefar da leda, ya tauna citta ko goro, ya ɗauki fasinja. Idan ka yi masa magana ya rantse maka shi magani ya sha. Wasu na yarda da gaske ba su sani ba a farko, amma bayan wata guda ai jiki ya gaya musu.

Kuma ba a san me ake zubawa a ciki ba. A 2015 mutane da dama sun mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, wasu suka makance, bayan sun sha ogogoro mai guba, cikin shekarar kuma aka sake yin haka a jihar Ribas. Hukumar NAFDAC ta yi yarjejeniya da masu kamfanoni a 2018 cewa za a daina ɗura barasa a leda da ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba cikin shekara biyar. Da wa'adi ya cika a farkon 2024 ta ce ta haramta, masu kamfani da ma'aikatansu suka fito zanga-zanga, aka yi ta ja-in-ja. Ko da an kawar da leda gaba ɗaya, mai jiƙon saiwa tana nan da ɗan kofinta.

Mu baƙi ne a nan, ko da a nan aka haifi kakan mutum. Idan ɗan gari ya bugu ya buge wani da babur, sunansa za a kira. Idan namu ne sai a ce Hausawa. Wanda ya ga abin da ya faru a kasuwar Sasa a Fabrairun 2021 ya san yadda 'yar cacar baki tsakanin mutum biyu take zama gobara da gawarwaki, kuma a wancan karon ma babu maganar maye a ciki, ina ga an samu wannan hujjar?

Na kai maganar gaban shugabannin 'yan okada na unguwarmu da limamin masallacinmu. Abin da na roƙa kaɗan ne: idan za a yi wa'azi a daina cewa giya kawai, domin yaron yana jin an ce giya zai ɗauka da masu kwalba ake. A kira abin da sunan da yake sayensa, a ce paraga, a ce jedi, a ce ta leda. Sannan duk uban gidan da ya ba yaro babur ya riƙa tsayar da shi da safe su gaisa kusa da kusa, hanci zai yi sauran aikin. Liman ya yi huɗuba ɗaya a kai, shugabannin kuma sun ce za su zauna bayan Sallah. 'Yan uwa na Agege da Fatakwal, ina so in ji yadda abin yake a wajenku, da sunan da yaran suke kiransa a can.